Daren 'Yar Raino A Birnin Shikago

Wannan mako za mu ɗan huta da maganar tsadar kaya da rigingimun 'yan siyasa, mu leƙa gidan silima. Amma kada wani ya zaci shaƙatawa kaɗai ta kai mu, domin majigin da na ke so mu duba, ko da ya ke na ban dariya ne, ya bar mini wani abu a maƙogwaro wanda har yau ban gama haɗiyewa ba.

Asalin maganar gardama ce ta kaure a ofishinmu ran nan da dare, bayan an rufe shafin ƙarshe an aika maɗaba'a, muna zaune muna jiran direba. Wani abokin aikina ya dage wai a duniya ba a taɓa yin wasan yara da ya kama ƙafar Home Alone ba, watau majigin nan na 1990 inda iyaye suka tafi Faransa suka mance da ɗansu a gida. Na ce masa ai mutumin da ya shirya wannan, Chris Columbus, ya riga ya yi wanda ya fi shi tun 1987, kuma shi ne ma aikinsa na fari a kujerar darakta, sunansa Adventures in Babysitting. A Ingila an sauya masa suna zuwa A Night on the Town. Ya ce bai taɓa jin labarinsa ba. Ni kuwa rabona da shi tun ina yaro, a kaset ɗin bidiyo na gidan wani maƙwabcinmu. Don in kare bakina sai na nemo shi na sake kallo, ashe abin da yaro ya gani dabam, abin da uban yara zai gani kuma dabam.

Kafin in shiga labarin ya kamata in bayyana wata al'ada ta mutanen Amurka, wadda duk wasan a kanta aka gina shi. Magidanci a can, musamman mai matsakaicin hali, yakan zauna daga shi sai matarsa sai 'ya'yansu. Ba kaka a gidan, ba gwaggo, ba ƙanwar miji, balle abokiyar zama. To, idan aka gayyaci miji da mata liyafar dare, ba wanda za a bar wa yara. Sai a kira 'yar maƙwabta, galibi ɗalibar sakandare, ta zo ta zauna da su tun daga magariba har iyaye su komo, a biya ta gwargwadon awoyin da ta yi. Aikinta bai wuce ta ba su abinci, ta hana su ɓarna, ta sa su kwanta da wuri ba. Sana'a ce sosai a wurin 'yan mata, har ƙungiyar agaji ta Red Cross ta Amurka tana ba da horo a kanta ga yara tun daga shekara 11. Kafin iyaye su fita kuwa sukan bar wa 'yar raino lambar tarhon wurin da za su. Mai karatu ya riƙe maganar tarhon nan, za mu komo kanta.

'Yar rainon wannan wasa sunanta Chris Parker, shekarunta 17, tana zaune a Oak Park, wata unguwar masu hali a yammacin Shikago, wadda tsakaninta da tsakiyar birnin bai fi mil 10 ba. Elisabeth Shue ce ta fito a matsayinta. An buɗe wasan tana ta rawa a ɗaki tana kwalliya, domin saurayinta Mike zai kai ta cin abinci a wani wuri mai tsada. Sai ga shi ya zo da kayan zaman gida, ya ce a yi haƙuri, ƙanwarsa ba ta da lafiya. Da takaici ya ishe ta, ta karɓi aikin raino a gidan wani Anderson. Yarinyar da za ta kula da ita, Sara, 'yar shekara 8 ce, kuma ta haukace a kan Thor, wani jarumin littattafan zane mai guduma, har ba ta rabuwa da hular ƙarfe mai fukafukai irin tasa. Akwai kuma wanta Brad, ɗan shekara 15, wanda son Chris ke cinsa a ɓoye, da abokinsa Daryl, yaro mai bakin tsiya.

Ba a jima da fitar iyaye ba sai tarho ya yi ƙara. Ƙawarta Brenda ce, ta gudu daga gida saboda matar ubanta, ta ƙarar da kuɗinta a tasi, ga ta a tashar motar tsakiyar birni cikin mahaukata da marasa wurin kwana, tana kuka a zo a ɗauke ta. Chris ta ɗauki motar uwarta. Yaran suka ce ba za a bar su ba, Daryl ma ya cusa kansa cikin tafiyar da barazanar zai tona asiri. A lissafinta tafiyar ɗan lokaci ce, a je a komo ba wanda ya sani.

Suna kan babban titi taya ta fashe. Aka duba, ba safaya. Ta laluba, ashe jakar kuɗinta ma a gida ta baro ta. Sai ga wani direban janwe mai gemu, mai ƙugiyar ƙarfe a madadin hannu, wai shi John Pruitt. Yara suka firgita, amma mutumin ya zama na kirki, ya ɗaura motar, har ya ce shi zai saya musu taya. Suna cikin tafiya aka kira shi ta oba-oba aka ce ga kwarto can a gidansa. Nan take ya mance da su, ya karkata kan mota, ya shiga gida da bindiga. Harsashi guda ya kuskure kwarto ya tarwatsa gilashin motar uwar Chris. Yara suka ruga suka faɗa cikin wata Cadillac da ke ajiye don su ɓuya, ba su sani ba ɓarawo na ciki yana ƙoƙarin tayar da ita. An gudu daga gara an faɗa gidan zago ke nan.

Ɓarawon, Joe Gipp, saurayi ne mai sanyin hali. Ya ƙi sauke su a wannan unguwa cikin dare, ya wuce da su mattarar iyayen gidansa, inda a ke farfasa motocin sata a sayar da kayansu. Aka kulle su a wani ofis a sama. Suka tsere ta kan ƙarafan rufi, amma Daryl ya yi awon gaba da wata mujallar batsa da ya gani a kan tebur, bai san a jikinta ɓarayin suka rubuta lissafin motocin da aka yi musu oda ba. Daga nan aka shiga farautarsu.

A nan ne aka zo wurin da ya fi ko'ina suna a wasan. Cikin gudu suka banka wata ƙofa ta baya, sai suka tsinci kansu a kan dandamalin wani gidan rawa, a gaban taron Baƙar fata, kiɗa ya tsaya cak, kowa ya zuba musu ido. Makaɗin da ke wasa a wurin ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne, Albert Collins ne da kansa, shahararren mai jita, haifaffen jihar Texas, wanda ya rasu a 1993. Ya tare hanya ya ce dokar gidan ita ce ba mai fita sai ya rera blues, watau waƙar koke ta Baƙar fatar Amurka, wadda mutum ke zayyana wahalarsa a ciki. Chris ta karɓi abin magana jikinta na ɓari, ta soma ba da labarin abin da ya same ta tun daga magariba, makaɗa suna amsa mata da jita da ganga, yara suna yi mata amshi, har taro ya ɗauka da tafi. Duk wanda ya taɓa ganin yadda maroƙi ke mai da ƙaramin abin kunya ya zama abin nishaɗin dandali zai gane daɗin wurin nan ba sai an fassara masa ba.

Sauran daren sai ƙara rikicewa ya ke yi. A jirgin ƙasa na cikin gari suka faɗa tsakiyar 'yan daba ƙungiya biyu. Brad ya tashi zai kare mutuncin Chris, aka caka masa wuƙa a yatsan ƙafa, ita kuwa ta zare wuƙar ta nuna wa shugaban daba, ta daka masa tsawar da ta sa kowa ya ja da baya. A asibiti likita ya rikita Brad da wani da aka soka ya mutu, ya yi musu ta'aziyya, Chris ta faɗi sumammiya, alhali ɗinki ɗaya tak aka yi wa yaron. Can suka sake gamuwa da Pruitt, ya ce ya sa an gyara gilas, motar tana garejin wani Dawson, amma kuɗin taya dala 50 ne. Wani ɗalibin jami'a mai suna Dan, wanda suka haɗu da shi a wurin shagalin ɗalibai, ya harhaɗa musu dala 45. Makaniken ya ce ko sisi ba zai rage ba. Amma ya fito ne da guduma a hannu, ga dogon gashi, ga ƙirar ƙarfi, Sara kuwa ta sakankance Thor ne ya bayyana. Duk da ya gwasale ta, ta tuɓe hularta ta miƙa masa. Kunya ta kama shi, ya ba su mota. Vincent D'Onofrio ne ya fito a wannan matsayi, a shekarar da ya fito a Full Metal Jacket, kuma minti kaɗan ɗin da ya yi sun fi na wasu da suka kwana a wasan.

A hanya suka hango motar Mike, mai ƙanwa marar lafiya, a ƙofar gidan abincin nan mai tsada, yana ciki da wata budurwa. Ana cikin yi masa wankin babban bargo Sara ta sulale, ɓarayi suka gan ta, ta gudu zuwa dogon benen nan mai hawa 41 wanda kansa ke a karkace, domin ta san a nan iyayenta ke liyafa. Ƙarshenta sai da ta fita ta taga ta maƙale a jikin gilas, ƙasa na can nesa. Aka jawo ta da igiya, Joe ɓarawo ya juya wa iyayen gidansa baya ya cece su, aka ɗauko Brenda, aka yi tsere da motar iyaye a kan titi. Chris ta kora yara sama, ta goge kicin, ta faɗa kujera, daidai lokacin da a ke buɗe ƙofa. Iyaye suka iske gida lafiya lau. Ba su san kome ba, har wasan ya ƙare ba su sani ba.

Ta fuskar gwaninta ba ni da ta cewa. David Simkins, wanda ya rubuta labarin, ya ɗinka shi yadda kowace mafita ita ce ƙofar sabuwar masifa, kuma ba a ba mai kallo damar numfashi balle ya tambayi ko abin zai yiwu. Kamfanin Touchstone na gidan Disney ya fitar da shi a watan Yuli na 1987, ya kuwa tara fiye da dala miliyan 30 a gidajen silima na Amurka. Sai dai in ja kunnen iyaye, akwai ashar da maganar banza jefi-jefi, hukumar tace majigi ta can ma ta sa masa alamar gargaɗi ga yara 'yan ƙasa da shekara 13.

Akwai tsoro iri biyu a cikin wasan nan, ɗaya a fili, ɗaya a ɓoye. Na fili shi ne tsoron birni. An nuna Shikago da idon ɗan unguwar masu hali, wanda aka rena a kan cewa da ka tsallaka iyakar unguwarku bayan faɗuwar rana sai ɓarayi da karuwai da masu wuƙa. Kuma ba sai an faɗa ba, yaran farare ne, yawancin fuskokin da aka shirya don su razana su kuwa baƙaƙe ne. Wannan ya daɗe yana damun masu sharhi, ni ma ya dame ni. A shekarar da aka fitar da wasan, magajin garin Shikago Baƙar fata ne, Harold Washington, na farko a tarihin birnin, wanda aka zaɓa a 1983, aka sake zaɓensa a Afrilun 1987, ya rasu a kan mulki a Nuwamban shekarar. Birnin da Baƙar fata suka ƙaura zuwa cikinsa daga kudu suka raya masana'antunsa, birnin da Muddy Waters ya sauka a 1943 ya sauya wa kiɗan duniya fuska, shi ne aka mayar dajin kuraye don a ba 'yan bayan gari dariya. Abin ban dariyar ma, yawancin wasan ba a Shikago aka ɗauke shi ba, a Toronto ta ƙasar Kanada ne.

Amma in za a yi wa Columbus adalci, labarin da kansa yana ƙaryata wannan tsoro. Mai karatu ya ƙidaya waɗanda suka taimaki yaran: direba mai ƙugiya, ɓarawon mota, makaɗi da jama'arsa, ɗalibin da bai san su ba, makanike mai baƙin rai. Duk mutanen birni ne, duk kuma waɗanda aka ce a guje su ne. Wanda ya ci amana kuwa shi ne ɗan gidan mutunci mai mota mai sheƙi, wanda iyaye za su yi murna ya zo zance.

Tsoro na biyu shi ne ya hana ni barci. Na sake kallon wasan ina ƙidaya wuraren da Chris za ta iya ɗaga tarho ta kira babba. Tun a gidan Anderson, sa'ad da Brenda ta kira, tarhon yana hannunta. A asibiti akwai tarho, akwai likitoci, ga yaron mutane da rauni a ƙafa. A wurin shagalin ɗalibai akwai tarho. A ƙarshe ma ta shiga ɗakin da iyayen ke liyafa, tana ganinsu, 'yarsu tana reto a jikin bene, amma abin da ta yi shi ne ta ɓuya kada su gan ta. Yarinyar da ta tsaya gaban ɗan daba da wuƙa a hannu ba ta iya tsayawa gaban uwar Sara ta ce, na yi kuskure, ku taimake ni. Taya ba ita ta ɓata daren ba, tayar dala 50 ce, uban Sara zai biya ta daga aljihun kwat ɗinsa bai ji a jikinsa ba. Abin da ya mai da fashewar taya ta zama harbi da suka da hawa bene shi ne, a wurin waɗannan yara duka, har da Brenda da ke tasha, fushin iyaye ya fi mutuwa ban tsoro. Wasan kuma ya ba su gaskiya, domin ladan da aka ba su a ƙarshe shi ne asirinsu ya rufu. Mu masu kallo muna tafi saboda an yi nasarar ɓoye wa uwa cewa 'yarta ta kusa faɗowa daga sama.

Wani zai ce ai zamanin ne, a 1987 sai ka nemi rumfar tarho da 'yan sulalla. To, a 2016 tashar Disney Channel ta sake yin wasan da sababbin 'yan wasa, Sabrina Carpenter da Sofia Carson. A wannan karon kowa da wayarsa a aljihu, rikicin ma daga musayar waya bisa kuskure ya faro. An rage ashar, an rage wuƙa, amma ginshiƙin bai motsa ba, a yi ta faɗi-tashi har gari ya kusa wayewa, muddin dai iyaye ba su ji ba.

Dalilin da ya sa abin ya tsaya mini a rai shi ne na taɓa zama Malam Anderson, kuma nawa daren bai ƙare da kiɗa ba. Shekara biyu da suka wuce ni da maiɗakina muka tafi walimar auren wani abokina a cikin gari, daga unguwarmu da ke bayan Abuja. Muka bar ɗanmu, lokacin yana da shekara biyu, a hannun wata 'yar ƙanen mahaifin maiɗakin nawa, yarinya 'yar shekara 15 da ke zaune tare da mu tana makaranta. Muka bar mata waya da kuɗi a ciki. Mun komo wajen ƙarfe goma sha ɗaya, muka iske gida a share, kwanuka a wanke, yaro yana kwance an sauya masa riga. Uwarsa ta ce, lafiya dai ko? Ta ce, lafiya lau, Yaya.

Wajen ƙarfe biyu tarinsa ya tashe mu. Jiki ya yi zafi, numfashi sama-sama, bakinsa kuwa warin kananzir. Sai da na yi rantsuwa ba abin da za a yi mata sa'an nan yarinyar ta buɗe baki. Ashe tun bayan sallar isha'i, tana wanke-wanke, ya jawo gorar lemo da mu ke zuba kananzir ɗin hura gawayi a ciki, ya kurɓa. Ta tuna a ƙauye manja a ke bayarwa, ta ɗura masa, ya yi amai, ta wanke shi, ta goge ɗaki, ta goya shi har ya yi barci. Awa shida ke nan. A asibiti likita ya gaya mana haɗarin kananzir ba a ciki ya ke ba, a huhu ya ke, kuma amai shi ne babbar hanyar da ke kai shi can, don haka ba a ɗura wa yaro manja ko wani abu don ya amayar, asibiti a ke nufa da shi nan take. Kwana uku muka yi a kwance. Allah ya yi da sauran shan ruwansa.

Da hankali ya kwanta na tambaye ta, ga waya a hannunki, me ya hana ki kira? Ta sunkuyar da kai ta ce ta ji tsoro. Na ce tsoron me? Ta ce ranar da ta fasa filas ɗin shayi, kwana biyu ba wanda ya yi mata magana a gidan. Na tuna da ranar sarai. Ni ne na yi faɗan, har na kawo mata lissafin kuɗin filas. Ashe a ranar nan na koya mata darasi, ta kuwa haddace shi: in filas ya jawo kwana biyu, to, ɗa fa? Kananzir kuma ba ita ta zuba shi a gorar lemo ta ajiye a ƙasa ba, ni ne.

A gidajenmu na da ba a san wannan irin dare ba, ko da ya ke su ma suna da nasu aibin. Yarinya takan yi goyon ƙanenta tun tana ƙarama, amma ba a taɓa barinta ita kaɗai da shi ba. In ya sha wani abu, ihu ɗaya za ta yi, kaka ta fito, matar baffa ta fito, maƙwabciya ta leƙo ta katanga, kuma laifin ya rarrabu a kan mutum goma har ya yi sauƙin ɗauka. Yanzu da aiki ya kwaso mu ya zuba a Abuja da Legas da Fatakwal, cikin ɗaki biyu da falo, a bayan ƙofar ƙarfe, mun koma zaman gidan Anderson ba tare da mun yi shawara ba. Bambancin kawai, Chris 'yar maƙwabta ce, ana biyanta, tana da uwa a layi na gaba, kuma a ƙarshen wasan ta ce ta bar raino ke nan, ba mai hana ta. Tamu 'yar rainon an ɗauko ta ne daga nisan ɗaruruwan mil, cinta da makarantarta da kuɗin motar komawarta duk suna hannun wanda za ta kira ta ce masa ɗansa ya sha guba. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 12 aikin gida, kuma hukumar NAPTIP ce ke da alhakin bin wannan. Amma ba dokar da ta san da 'yar shekara 15 mai waya a hannu da ta kasa danna ta.

Bayan mun komo daga asibiti na kira ta a gaban yayarta na ce, daga yau duk abin da ya faru, ko gidan ne ya kama wuta da hannunki, in dai kin kira a lokacin, ba mai ce miki uffan. Faɗa ɗaya ne ya rage a gidan nan, shi ne na ɓoyewa. Ba ta gaskata ba da fari. Ta gwada ni da ƙananan abubuwa, kofi ya fashe, ta kira, miya ta ƙone, ta kira. Wata rana ina tsakiyar taron editoci ta kira wai ya cusa ƙwayar wake a hanci. Na nemi izini na fita, abokan aiki suna yi mini dariya, har yau wasunsu Baban Wake su ke ce mini.

Daren Asabar ɗin da ta wuce na sa wasan muka kalla mu duka, rimot yana hannuna ina tsallake wuraren da ba su dace ba. Ta yi dariya har da hawaye, musamman wurin da Brenda, bayan an sace mata tabarau, ta ɗauki ƙaton ɓera tana shafa shi wai kyanwa ce. Amma da aka zo ƙarshe, iyaye suka shigo, Chris tana zaune kamar ba ita ba, sai na ga ta yi shiru. Da rubutu ya fara hawa ta juyo wajen yayarta ta ce, "Yaya, to shi yaron nan da aka ɗinke wa ƙafa, wa zai mai da shi asibiti a cire masa zaren?"